Daga Kano zuwa kurmin Peru, inda gizo-gizo ke cin kwaɗo

Ga mai fasfon Najeriya, hanyar da ta fi sauƙi zuwa Peru ita ce ta Habasha. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Adis Ababa, muka canza jirgi zuwa Sao Paulo ta Birazil, tafiyar wajen awa 12 a sama, daga can kuma muka kama na Lima, babban birnin Peru. Akwai hanya ta Turai, sai dai yawancin ƙasashen can ba sa barin ɗan Najeriya ya ratsa filin jirginsu sai da bizar wucewa, ko da ƙafarsa ba za ta taka waje ba. Bizar Peru ɗin ma a fara nemanta da wuri, tare da takardar gayyata daga tashar binciken da za a sauka. Katin rigakafin shawara kuwa a soke shi cikin fasfo, kada a tura shi jakar kaya. Allurar sai ta kwana 10 a jiki ake lissafa ta, ba abin yi ana gobe tafiya ba ne.

Mu biyu ne, ni da wani ɗalibina mai nazarin kwaɗi, kuma da gangan muka zaɓi watan Nuwamba. A kudancin Amazon lokacin ne damina ke faɗuwa, kududdufan kurmi su cika, kwaɗi su sauko daga bishiyoyi don yin ƙwai, masu farautarsu kuma su taru wuri guda. Wanda ya je a Yuni ko Yuli zai tarar da hanya a bushe, amma yana iya cin karo da wata iska mai sanyi da ke tasowa daga kudu, friaje suke ce mata, wadda kan sauko da awo zuwa wajen digiri 10, kurmi ya yi tsit na kwanaki, ba kwaɗo ba ƙadangare.

A Lima kwana kawai muka yi muka canza kuɗi. Sol ne kuɗinsu, dala ɗaya sol uku da ɗoriya, kuma masu canji ba sa karɓar takardar dala mai yaga ko rubutu, komai ƙanƙantarsa. Agogonsu yana bayan namu da awa 6. Alƙibla tana gabas, a ɗan karkata arewa. Washegari jirgi ya tsallaka da mu duwatsun Andes, ƙasa da awa 2 muka sauka Puerto Maldonado, babban birnin jihar Madre de Dios, inda kogin Tambopata ya haɗu da na Madre de Dios. Ana buɗe ƙofar jirgi iska mai ɗumi da laima ta lulluɓe mu, riga ta manne a baya kafin mu kai wurin ɗaukar kaya.

Garin na babura ne da keke mai ƙafa uku, sai doguwar gadar nan ja mai tsawon mita 723 da aka buɗe a 2011, wadda titin da ya nufi iyakar Birazil ya bi ta kanta. Ɗaki mai fanka da banɗaki mun same shi a ƙasa da sol 100. A kasuwa muka sayi takalman roba masu dogon wuya, wajen sol 30 ƙafa biyu, kuma nan ne mai babbar ƙafa zai sha wuya: lamba 44 zuwa sama ba kasafai ake samunta ba, gara mutum ya taho da nasa. Abincin rana na gidajen abinci, miya da shinkafa da abin sha, sol 10 zuwa 15 ne. Musulmi ya riƙe kalmomi uku ya riƙa tambaya: chancho, cecina, manteca, wato alade da ƙyafaffen namansa da kitsensa. Tacacho, dakakkiyar ayabar da suke alfahari da ita, da kitsen alade ake haɗa ta. Abin da muka lizimta shi ne patarashca, kifin da ake naɗewa a ganye a gasa kan garwashi, da dafaffen rogo. Masato, farin abin shan rogo da ake miƙa wa baƙo a ƙauyukan bakin kogi, barinsa ake ya tsima, saboda haka a yi godiya a mayar da ƙoƙon.

Daga Puerto Maldonado zuwa Laberinto, tashar kwale-kwale, tafiyar wajen awa ɗaya ce a motar haya, ƙasa da sol 20 kowane mutum. A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu. Fasfo sun duba shi sama-sama, hankalinsu yana kan but ɗin mota da jarkoki, domin a wannan jiha man dizal abu ne da ake sa wa ido: shi ke tuƙa injinan masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Gaba kaɗan a kan wannan titi ne La Pampa take, inda aka mayar da kurmi fili mai yashi da ramukan ruwa, har gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda a Fabrairun 2019 suka kori masu haƙa. Da zaiba suke tace zinaren, zaibar ta gangara kogi ta taru a jikin manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu. Mai dafa abinci a tashar da muka sauka daga baya ta ce ita ƙananan kifi take saya, manyan tarwaɗa sai jefi-jefi.

Kwale-kwalen haya ba ya tashi sai ya cika, mun zauna a bakin ruwa har hantsi ya dubi ludayi. Shata tana yiwuwa amma kuɗinta ya ninka na kujera sau da yawa saboda tsadar mai. Tafiyar ta kan ɗauki awa 4 zuwa 6 ana gaba da ruwa, gwargwadon ƙarfin inji. Gefe da gefe tulin tsakuwa ne da masu haƙa suka bari, sai can gaba bishiyoyi suka rufe gaɓa. Da la'asar sakaliya muka tsaya gindin wata doguwar matakala, muka ɗauki kaya a kafaɗa muka hau zuwa tashar binciken Los Amigos.

Ƙungiyar Conservación Amazónica ce ke riƙe da tashar, an kafa tashar a 2000, kuma tana maƙwabtaka da wani yankin kurmi mai faɗin hekta kusan 146,000 da gwamnatin Peru ta ba ƙungiyar amanarsa a 2001. Can saman kogin akwai 'yan ƙabilar Mashco Piro da ba sa hulɗa da kowa, an hana kusantar wajensu. Ɗakunan na katako ne da ragar sauro a madadin taga, kuɗin kwana da dala ake biya, ya haɗa da abinci sau uku: shinkafa, wake, ƙwai, soyayyar ayaba, kaza ko kifi. Abin da ya kawo mu shi ne yawan dabbobin wurin. Masu bincike sun ƙidaya jinsin kwaɗi da danginsu wajen 85, da masu jan ciki, macizai da ƙadangaru da sauransu, wajen 90, duk a wannan yanki. Akasarinsu ƙanana ne, ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Aikin na dare ne. Ana fita bayan magariba da kamar awa ɗaya, a dawo tsakar dare. Kayan fita: fitilar goshi mai ƙarfi da batir na canji, tocilan ta biyu a aljihu domin fitila kan mutu a inda ba a so, takalmin roba, wando da riga masu dogon hannu da aka fesa wa maganin permethrin tun da rana, ƙaramin ma'aunin roba mai santimita, littafin da ruwa ba ya lalatawa da fensir, safar hannu marar hoda. Maganin sauro mai DEET a shafa shi a wuya da bayan hannu, kada ya taɓa tafi: fatar kwaɗo tana tsotse duk abin da ya taɓa ta, kuma maganin yana narka robar kyamara. Kafin a shiga wani sabon kududdufi a wanke takalmi da ruwan bilic, saboda cutar fatar nan ta chytrid da ta ƙarar da jinsunan kwaɗi da yawa a duniya tana bin laka.

Sirrin ganin gizo-gizo da dare ɗaya ne, kuma ɗan jagoranmu, mutumin wani ƙauye na bakin kogi, bai bar mu mun yi taku goma ba sai da ya gyara wa ɗalibina fitila. "Profe, ka ce masa ya sauko da ita daidai gira," in ji shi, Profe ɗin yana nufin malam. Dalili kuwa, a bayan wasu daga cikin idanun gizo-gizo mai farauta akwai wani shafi mai mayar da haske, kuma hasken yana komawa ne ta hanyar da ya zo. In tocilan tana hannu a gefen cinya, hasken zai koma cinya, ido bai ga komai ba. In tana kusa da ido, sai ƙasan kurmi ya cika da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Raɓa ma tana ƙyalli, amma ta raɓa ba ta kaifi kuma ba ta gusawa. Idon kwaɗo ja-ja ne dushi-dushi. Tafiya kuwa ta hawainiya ce: mita 100 kan ci rabin awa ko fiye, ana duba ƙasa, da ganye har tsayin kai, da jikin kututture. Mai sauri sai ya dawo ya ce babu komai a dajin.

Ba duk mai ƙafa takwas ne ke cin kwaɗo ba, kuma da tsarin idanu ake rarrabe su. Dangin Ctenidae, mayawata da ba sa saƙa yana, idanunsu layi uku ne: biyu a ƙasa, huɗu a tsakiya, biyu a sama. Su ne manyan masu laifi a nan. A cikinsu an daɗe ana lissafa Ancylometes, ƙato mai launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja da ke zama bakin ruwa, da Phoneutria mai hawa ganye. Dangin Pisauridae, masu kamun kifi, nasu layi biyu ne, huɗu-huɗu. Dangin Sparassidae ƙafafunsu a baje suke gefe-gefe, jikinsu shafal, suna manne da ɓawon itace. Sai tarantula mai gashi, dangin Theraphosidae, wadda ke zaune bakin raminta tana jira.

A wani kududdufi da ruwan sama ya tara a gindin bishiyoyi muka ga abin da idonmu. Ruwan bai kai gwiwa ba, kuma ƙarar kwaɗi ta hana mu jin maganar juna. Ƙananan kwaɗin bishiya ne masu ruwan ɗorawa, jinsin Dendropsophus, kowanne bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, mazan sun jeru kan ganyen da ya rankwafo bisa ruwa suna kumbura maƙogwaro. A kan wani ruɓaɓɓen reshe, tazarar taƙi ɗaya daga wani namiji, Ancylometes ce mace zaune, ƙafafun baya riƙe da itace, na gaba shimfiɗe kan fuskar ruwa. Ba ta motsa ba har ƙafata ta yi sanyi a tsugune. Kwaɗon ya gyara zama, ya diro kan wani ganye da ke yawo a ruwa. Ban ga tafiyarta ba, sai dai na gan ta a kansa. Ƙafafu shida sun kewaye shi, haƙoran biyu sun nutse a bayan kai. Ya miƙe ƙafafun baya yana shure-shure, yatsunsa masu faifai suna buɗewa suna rufewa, kafin minti biyu ya saki jiki. Ta ja shi da baya-baya ta hau reshen, ta juya kanta ƙasa, kwaɗon na reto a bakinta.

"Malam, ko kallonsa ba ta yi ba fa," in ji ɗalibina. Gaskiyarsa. Ido ba shi ne babban makaminta ba. A ƙafafunta akwai siraran gashi masu jin kaɗawar iska, da wasu ƙananan tsage-tsage a jikin ɓawon ƙafa masu jin girgizar ganye ko ta ruwa. Ɗan kaɗawar da ruwa ya yi sa'ad da kwaɗon ya dira ita ta gaya mata inda yake da kimanin girmansa. Wannan jinsi yana gudu a kan ruwa, in an tsorata shi ya nutse ya daɗe a ƙasa, iskar da ta maƙale a gashin jikinsa tana isarsa numfashi. Talibambam da ƙananan kifi ma abincinsa ne.

Gizo-gizo ba ya haɗiyar tsoka. Dafinsa yana kashe jijiyoyi, sannan ya amayo ruwan narkar da abinci a kan raunin, ya riƙa murtsuka naman da gindin haƙoransa, ya tsotse abin da ya narke. Kwaɗo ya dace da wannan ci ƙwarai: fatarsa siririya ce, ba gashi ba ɓawo, namansa taushi. Mun bar alama a reshen muka ci gaba. Da muka dawo bayan awa 3, kai da ƙirji sun zama baƙin curi mai yauƙi, cinyoyi ne kaɗai ake gane su. Da asuba abin da ya rage ɗan dunƙule ne na fata da ƙashi, kiyashi sun rufe shi. Nan ne matsalar masu bincike take: wanda ya iso a makare ba zai iya faɗin jinsin kwaɗon ba, balle ya san ko ita ta kashe shi ko mushe ta tsinta.

Ba kowane kwaɗo take ci ba. A Kosta Rika an gwada a 1985, aka riƙa miƙa wa wani gizo-gizo mayawaci, Cupiennius coccineus, jan kwaɗon nan mai guba a fata. Yakan cafke shi, ya sake shi nan take, alhali kwaɗi marasa guba masu irin girmansa cinye su yake yi. Launin gargaɗin kwaɗon ba ya aiki a duhu, ɗanɗano ne ke cetonsa bayan ya sha cizo.

Na ƙadangare ya fi wuyar gani, kuma sau ɗaya muka dace. Ƙadangarun Anolis sirara ne, da rana suke kiwo, da dare su hau can ƙarshen ganye ko siririn reshe su kwanta, kai na fuskantar gindin reshen. Hikimar ita ce duk abin da ya tako reshen zai girgiza shi, ƙadangaren ya saki jiki ya faɗo ƙasa ya tsira. Dabarar tana aiki a kan maciji mai nauyi. A kan gizo-gizon da bai kai nauyin ƙadangaren ba, ba kullum ba. Wanda muka gani ɗan ƙarami ne, jikinsa ban da jela bai kai santimita 4 ba, wata mayawaciya ta riƙe shi a wuya a bayan wani faffaɗan ganye daidai ƙirjina. Jelarsa tana nan cif. Yanke jela yana ceton ƙadangare ne in an kama shi ta jelar, ita kuwa wuya ko haƙarƙari take nema, inda ɓawon fata ya fi laushi. A cikin busasshen ganyen ƙasa kuma akwai ƙananan ƙadangaru irin Cercosaura da 'yan tsakar Gonatodes, su ma suna cikin abincin.

Da yawa daga abin da duniya ta sani game da wannan wuri ya fito ne daga wata maƙala da Rudolf von May da Daniel Rabosky na Jami'ar Mishigan da abokan aikinsu suka buga a Fabrairun 2019 a mujallar Amphibian & Reptile Conservation. Sun kawo karo 15 da suka ga ƙwaro ko danginsa na cin dabba mai ƙashin baya: gizagizai da kwaɗi da ƙadangaru, ƙaton ƙwaron ruwa da kwaɗo, shanshani da macizai, ciki har da wani maciji mai mugun dafi da shanshani ya cinye wa kai. Wanda jaridu suka ɗauka shi ne na wani dare a Nuwamban 2016, sa'ad da Michael Grundler da abokansa suka ji kacaniya a cikin ganye, suka haska suka ga tarantula jinsin Pamphobeteus, faɗinta ya kai faranti, tana jan wani ɗan opossum, dabba mai shayarwa mai kama da ɓera. Ba a taɓa rubuta irinsa ba kafin nan.

A ganina wannan labari ya karkatar da hankalin mutane. Tarantula ta samu suna, amma ba ita ke yi wa kwaɗi ɓarna mafi yawa ba. Martin Nyffeler na Jami'ar Basel da Ronald Altig sun tattara rahotanni 374 na gizo-gizo yana cin kwaɗo daga ƙasashe fiye da 40, suka buga a 2020. Mafi yawa aikin mayawata ne da masu kamun kifi, waɗanda ba sa saƙa, kuma matsakaicin tsawon kwaɗon da aka ci bai kai santimita 3 ba. Tarantula ɗaya tana tsare bakin rami ɗaya. Mayawata kuwa a kududdufi guda mun ƙirga idanunsu har muka gaji, kuma suna nan a daidai makonnin da talibambam ke fitar da ƙafa suna barin ruwa, lokacin da ba su iya iyo sosai ba kuma ba su ƙware a tsalle ba. Girma ne ke yanke hukunci. Kwaɗon da ya tsallake wannan mataki ya zama ƙato, irin Leptodactylus mai cika tafin hannu, shi ke lamushe gizo-gizon.

Ramin Pamphobeteus ɗan jagora ya kai mu, a gindin wata bishiya mai manyan saiwoyi. Muka kashe farar fitila muka kunna ja, muka zauna nesa kaɗan. Uwar ta fito ta tsaya a bakin rami, baƙa wuluk, 'ya'yanta da dama suka bazu kewaye da ita. Can sai ga wani ɗan kwaɗo mai tsinin baki, bai fi santimita 2 ba, ya fito daga cikin ramin nan, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙafafunta ya tsaya yana lasar kiyashi. Chiasmocleis royi ke nan. Reginald Cocroft da Keith Hambler ne suka bayyana wannan zama a 1989 daga Tambopata, nan kusa. Tarantular tana cin wasu kwaɗi masu irin girmansa, amma shi in ta taɓa shi sai ta ƙyale, da alama ta sinadarin fatarsa take gane shi. Ribar kwaɗon a fili take: rami mai laima da mai gadin da maciji ke shakka. Ana zaton ita ma tana amfana, domin yana cinye tururuwar da ka iya afka wa ƙwanta, amma wannan ɓangaren zato ne har yanzu, kada a ɗauke shi tabbas. Kada kuma a tsokane ta da tsinke a kusa da fuska. Tarantulolin nahiyar Amurka suna karkaɗo gashin cikinsu da ƙafar baya, in ya shiga ido ko hanci sai an ga likita. Na Afirka ba su da wannan gashi, cizo suka sani.

A gida mun saba da akasin haka: tsaka ce ke bin bango tana lashe gizo-gizo, ƙadangare ya tsince shi a tsakar gida, shi ya sa labarin ke yi wa mutane kama da tatsuniya. Bambancin na girma ne da laima. Kwaɗinmu da aka fi gani, na bakin rijiya da burduddugin fadama, sun fi ƙarfin kowane gizo-gizo, kuma dogon rani ba ya barin manyan mayawata su yi yawa irin na kurmi. Amma abin ba baƙo ba ne a Afirka. Akwai jinsin Nilus, masu kamun kifi, da ke zama kan ciyawar bakin tafki, an rubuta su suna cin talibambam da ƙananan kwaɗin ciyawa. A arewa maso gabashin Madagaska an ga wani gizo-gizo jinsin Damastes yana cin kwaɗo a bakin wani ɗaki da ya ɗinka da ganye biyu, har ake muhawara ko tarko ne ko makwanci kawai. Rahotanni sun fi fitowa daga Kudancin Amurka, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne can ne masu fitilar goshi suka fi yawa. Wanda zai ɗaura fitila ya zagaya fadama a watan Agusta, ko kurmin Kuros Riba, da wuya ya dawo hannu rabbana.

In an dace da gani, ga yadda ake rubutawa don ya yi amfani. Da farko a tsaya cik, domin takun ƙafa mai nauyi ko farin haske kai tsaye kan sa ta saki abincin ta gudu. A ɗauki hoto daga nesa, sannan a matso. A samu hoto ɗaya ta sama da ma'auni a gefe, ɗaya ta gaba da ke nuna idanun gizo-gizon, ɗaya na cinya da tafin kwaɗon tun ba su narke ba, don da su ake gane jinsi. A rubuta lokaci, da wurin a na'urar GPS, da tsayi daga ƙasa, da nisa daga ruwa, da inda haƙori ya shiga. Tsawon kwaɗo daga hanci zuwa dubura ake aunawa, na gizo-gizo jiki kawai ban da ƙafafu. A faɗi gaskiya ko an ga kamun ko an tarar ana ci. Abin da ya fi lalata aiki laima ce: gilashin kyamara yana yin hazo, in an yi sakaci fumfuna ta tsiro a cikinsa. Maganinta akwatin roba mai rufewa ruf da ƙwayoyin silika a ciki, a riƙa gasa su a kasko in sun jiƙe.

Haɗarin kurmin ba inda baƙo ke zato yake ba. Phoneutria tana da dafin da ke kai mutum asibiti, kuma tana gargaɗi: ta ɗaga ƙafafun gaba huɗu sama, tana rangaji gefe da gefe. Wanda ya ga haka ya ja da baya. Takan shige takalmi ko rigar da aka rataya, shi ya sa ake kife takalma a kan turaku, a kakkaɓe su kafin a saka. Maciji mai dafi da suke kira jergón yana naɗe a tsakiyar hanya launinsa ɗaya da ganye, don haka a haska inda ƙafa za ta sauka kafin a haska sama. Amma abin da ya fi samun mutane shi ne isula, wata ƙatuwar baƙar tururuwa mai tsawon santimita 2 da rabi da ke hawa da sauka a jikin bishiya. Ɗalibina ya zame a laka ya dafa kututture, ta harbe shi a yatsa. Hannun ya kwana yana zogi yana rawa, ƙanƙara da maganin ciwo ba su yi wani tasiri ba sai washegari. Dokar ɗan jagora ita ce gara ka faɗi a laka da ka kama itacen da ba ka haska ba.

Dawowa ta fi sauri da yake ruwa muke bi, kafin azahar muna Laberinto. Ba mu ɗauko ko ƙafar gizo-gizo ba. Kama dabba don bincike ko fita da ita daga Peru sai da izinin hukumar gandun daji ta SERFOR, wanda ake nema watanni kafin tafiya, kuma ana duba kaya a filin jirgi. Tsarabar da ta halatta ita ce castaña, gyaɗar bishiyar nan da ake tsinta a kurmin jihar, ana sayar da ita a kasuwar Puerto Maldonado a ɓare. A lissafin kuɗi, tikitin jirgi ya cinye fiye da rabi, kwanan tasha ya biyo baya, abinci da mota a gari ba su taka kara sun karya ba.

Abu ɗaya ke biyo matafiyi har gida. A yankin akwai ƙananan ƙudaje masu cizo da magariba, sun fi sauro ƙanƙanta har suna ratsa raga mai manyan idanu, suna ɗauke da cutar leishmaniasis, wadda mutanen can ke kira uta. Takan fito bayan makonni ko watanni, ƙurji marar zafi mai tudun baki da ya ƙi warkewa. Wanda ya ga haka ya je asibitin koyarwa, ya faɗa wa likita ƙasar da ya je da watan da ya dawo, domin irin ta Kudancin Amurka tana iya komawa hanci da maƙogwaro bayan shekaru in ba a yi mata cikakken magani ba.